Waƙar da Yustina ta ɓoye a cikin littafin girki

Shekara shida ina rubuta wa ƙungiyar mawaƙan cocinmu da ke garin Mallawi waƙoƙi, ba a taɓa mayar mini da ko ɗaya ba. Sai bana, ana saura sati uku bikin Tashin Almasihu, na miƙa wa yayana Rafla sabuwar waƙa da ya zo gidana, don shi ke ɗora mana kiɗa da molonsa. Yana cin wake da burodi ya karanta, ya ajiye takardar.

"Ta yi kyau, Yustina. Wa ya rubuta?"

"Kamar yaya? Ni mana."

"Ke da rabon da in ga haƙoranki tun da aka binne mijinki? Nan kin ce zuciyarki na tsalle. Ina take tsallen, mu je mu gani?"

Raina ya ɓaci, amma na san gaskiyarsa. Na shiga kicin na zaro wata takarda daga cikin littafin girki, wadda na rubuta ba don kowa ya gani ba. Farkonta: "Ubangiji, na ƙwanƙwasa har hannuna ya gaji, ban ji motsinka ba, amma ga ni nan a bakin ƙofa."

Na miƙa masa. Rafla ya karanta, bai ko wanke hannu ba ya jawo molo. Kafin shayinsa ya huce ya samo muryarta. Yana kaɗawa yana buga ƙafa.

Da muka kai wa Irini, shugabar mawaƙa, sai ta ja da baya. "A gaban jama'a za mu ce Allah bai amsa ba? Ki rufa mini asiri, 'yar'uwa."

Muka ɗunguma mu uku wurin limaminmu, Abuna Maksimos. Ya sa tabarau ya karanta sau biyu, sannan ya dube ni.

"'Yata, har yanzu kina bakin ƙofar?"

"Ina nan, Abuna."

"To ku rera. Dauda ya faɗi abin da ya fi wannan zafi a Zabura, kuma kullum muna karantawa."

Ranar bikin, a taron yamma a farfajiyar coci, muka rera ta. A baiti na biyu na ji muryoyin da ba namu ba sun shigo daga ɓangaren mata. Tsofaffi ne, masu baƙaƙen kayan makoki irin nawa, sun kama amshi tun ba a koya musu ba. Da muka gama, wata ta miƙe ta ce a sake. Sau uku muka yi ta, Irini na gaba tana jan waƙa, hawaye na bin fuskarta, hannunta bai daina ba da umarni ba.

A bakin ƙofa mata suka yanyame ni, kowace na son in rubuta mata kalmomin. Wata baƙuwa daga garin Asyut ta miƙo bayan takardar magani, ta ce ɗanta na kwance wata huɗu. Na jingina da bango na rubuta mata har ƙarshe, na tambaye ta sunan yaron.