Randar Ƙarfen Inna

Na haifi Rumaisa a watan Janairun 1988, cikin wani irin sanyi da ke sa mutum ya yi nadamar fitowa da hancinsa waje. Lokacin muna ƙasar waje, a Tompkinsville, unguwar da ruwa ya raba ta da Manhattan, a wani tsohon gidan katako, kicin a ƙasa, banɗaki a sama, tsakaninsu matakala goma sha huɗu. Mijina Ɗalha direba ne a wani ofis a Manhattan, kullum da sassafe yake gangarawa tashar St. George ya hau jirgin ruwa. Ni kuma nas ce. Ku riƙe wannan nas ɗin da kyau, don ita ce ta sa nake ganin na fi kowa sani a lokacin.

Saura kwana biyu in haihu mahaifiyata ta sauka daga Kano. Sunanta Hasiya, mu Inna muke ce mata. Ba ta taɓa shiga jirgin sama ba, Turanci kuwa ko zo in kashe ki ba ta sani ba, amma ta ƙetaro da busasshen ganyen darbejiya ƙunshe cikin zannuwanta saboda abu ɗaya tak: ta yi mini wankan jego na kwana arba'in, safe da yamma. Ni ce 'yarta ta fari, ita kuma mai kunya ce irin ta mutanen da. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai "ke" ko "yarinyar nan". Ban tuna ranar da ta jawo ni jikinta ba. Shi ya sa da aka ce da kanta za ta zo, ba gwaggona ba, na yi mamaki, amma ban tsaya neman dalili ba.

Kunun kanwa na ce ba zan sha ba, na jero mata bayanin asibiti kamar ina gaban ɗalibai. Ta saurara har na gama, ta ce to. Da na taɓo maganar wanka kuwa, ta ce ko likitan da ya koyar da ni ne ya zo da kansa, sai an yi.

Ranar da muka dawo daga asibiti ta fara neman inda za ta kafa murhu. Ɗalha ya sauka da ita ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya nuna mata hitar gidan, wani farin tanki da ya kai tsawonta, da 'yar shuɗiyar wutar gas a gindinsa. Ta zagaya shi, ta ƙwanƙwasa, ta duƙa ta leƙa wutar.

"To, randa ce ta ƙarfe, da murhunta a jiki," in ji ta. "Ba itace, ba hayaƙi. Allah ya yi wa wanda ya ƙera albarka."

Daga ranar suka ƙulla abota. Inna ba ta karanta kalanda, don haka kowace safiya sai ta sauka da tandun kwallinta ta ja layi ɗaya a jikin tankin, kwana ɗaya ke nan.

Sai dai randar tsohuwa ce, a gidan muka same ta, kuma galan talatin kawai take ci. Kafin bahon wanka ya cika ruwan ya fara salamcewa. Inna ta tsoma hannu ta yatsina fuska, ta ce wannan ai ruwan alwala ne. Ashe ta lura da wani jan maɓalli da Ɗalha ya taɓa lokacin da yake yi mata bayani. Ba ta shawarci kowa ba ta murɗa shi har ƙarshe. Washegari da ta tsoma ganyen nan ta fyaɗa mini a baya, ihun da na yi har jaririya sai da ta farka. Na tsani wankan nan, ba zan ɓoye muku ba. Ina zaune kan 'yar kujera cikin tururi, ina cizon leɓe, ina tunanin abin da abokan aikina za su ce in suka gan ni.

Bayan 'yan kwanaki wani ɗan bututu da ke gefen tankin ya fara ɗigar da ruwa. Inna a unguwar da ake sayen ruwa a garwa ta girma, ba ta iya ganin ruwa yana zuba a ƙasa ta wuce. Ta yago tsumma ta cusa a bakin bututun, ta ɗaure tam da roba.

A kwana na goma sha bakwai, da hantsi, aka buga mana ƙofa da ƙarfi. Maƙwabcinmu ne Jang, mutumin Jos, bango ɗaya ya raba mu. Gyaran jiragen ƙarƙashin ƙasa yake yi, kuma duk abin da ya lalace a layinmu shi ake kira.

"Sista, me kuke dakawa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa? Tun safe nake jin ƙara ta bango."

Muka sauka mu uku. Tankin yana ta wani gurnani kamar turmi a hannun mata biyu. Jang ya yi tsalle ya kashe gas, ya ce mu ja baya, ya buɗe famfon zafi na wurin wanki, tururi ya cika ɗakin. Sai da abin ya lafa ya zaro tsumman ya ɗaga shi sama.

"Mama, wa ya toshe wannan?"

"Ni ce, ɗan nan. Zuba yake yi."

"Mama, wannan bututun shi ne hancinsa. In zafi ya yi masa yawa, ta nan yake numfashi. Kin ƙure wuta, kin kuma toshe hanci. Da an ƙara kwana biyu, ta rufin gidan nan zai fita, ya tafi da ku da mu."

Inna ta riƙe baki tana salati. Jang ya kwanta da tocila ya duba gindin tankin, ya ce tsatsa ta cinye shi, ga ruwa nan yana tsattsafowa, ba maganar gyara, sai dai sabo.

Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Da Ɗalha ya dawo da yamma muna zaune a falo, Inna na gefe tana jijjiga Rumaisa, na ce masa da Turanci kada ya yi gaggawar sayen sabo, ya bari har ƙarshen wata, mu riƙa dafa ɗan abin da za mu yi wanka da shi a buta. Ina magana ina murmushi don kada ta gane. Ta dubi bakina, ta dube shi, ta ci gaba da jijjiga jikarta.

Washegari ƙarar tukwane ce ta tashe ni. Inna ta shiga wurin Lea, matar Jang, ta aro manyan tukwanen da suke dafa abincin coci, ta ɗora a kan duka bakin murhun gas guda huɗu. In suka tafasa sai ta juye a bokiti ta hau da shi sama, ta sauko, ta sake. Ni ta hana ni ɗaukar ko cokali mai nauyi. Ɗalha kuma, a ce suruki ya ɗauko ruwan jegon 'yarta? Ta ce sai dai bayan ranta. Sawu shida take yi da safe, shida da yamma, mace mai shekara sittin da ɗoriya. Na yi fushi, na yi magiya, na koma na yi shiru ina cewa in ta gaji za ta bari.

A kwana na ashirin ina zaune a banɗaki ina jiran sawu na huɗu, shiru ba ta zo ba. Na ɗaura zani na leƙo. Tana zaune a matakala ta tara, bokitin yana hayaƙi a gefenta, ta dafe ƙirji tana mai da numfashi. Ruwan ya fallatsar mata a ƙafa, wurin ya yi ja.

Na sauko na zauna a matakalar da ke samanta. "Inna, don Allah ki bari. Wallahi ba abin da zai same ni. Matan ƙasar nan ba sa yi, ga su nan garau."

"Na sani," in ji ta. "Na kuma ji abin da kika ce wa mijinki."

"Ai ba kya jin Turanci."

"Ba na ji. Amma ni na haifi fuskar nan."

Kunya ta rufe ni. Ba ta juyo ba, ta ci gaba da magana tana kallon bango.

"Da na haife ki uwata ta riga ta rasu. Ba wanda ya zo. Ni nake hura wuta, ni nake ɗibar ruwa, in shiga bayan gida in yi wa kaina, kina ɗaki kina tsala kuka. Ko'ina hannuna yana kaiwa ban da tsakiyar bayana. Kwana arba'in wurin nan bai ga ruwan zafi ba. Ran nan na ce in Allah ya raya mini yarinyar nan, bayanta ba zai rasa hannu ba."

Sai a lokacin na tuna cewa kowane wanka, in ta gama fyaɗa ganyen, takan ɗora tafin hannunta a tsakiyar bayana ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ni da karatuna na ɗauka gwada zafin fata take yi. Na kifa kaina a kafaɗarta na yi kuka sosai, ita kuma ta ce in tashi, ruwa yana hucewa.

Washegari Asabar ce, Ɗalha da Jang suka tafi kantin da ake sayar da hita. Can sai ga wayar Ɗalha daga akwatin tarho na bakin titi.

"Rahma, mai kantin ya tambaye ni mutum nawa ne a gidan. Na ce uku da jaririya. Ya duba takardarsa, ya ce mai galan arba'in ya ishe mu. Akwai na lantarki, akwai na gas."

"Baban Rumaisa, a takardar tasa akwai layin mai jego?"

"Ban gane ba."

"Wanne ne ya fi girma?"

"Akwai mai galan saba'in da biyar, amma wannan na gidan mutum bakwai ne."

"Shi za ka ɗauko. Kuma na gas, wanda Inna za ta riƙa ganin wutarsa."

Ina jin Jang a gefe yana dariya, yana cewa Sista za ta buɗe otal. Sai da suka cire ƙofar ɗakin ƙasan da katakon jikinta kafin tankin ya shiga, Ɗalha na ta gumi a cikin wannan sanyi. Da Jang ya gama haɗa bututai ya kunna wuta, ya saita jan maɓallin a tsakiya, ya manna masa salatif, ya durƙusa gaban Inna.

"Mama, mu yi alkawari. Ba ruwanki da maɓalli, ba ruwanki da hanci. In zafin bai ishe ki ba, ki ƙara buta ɗaya daga kicin."

"Na yi alkawari, ɗan nan. Allah ya raya maka zuri'a."

Ta ɗauko tandun kwallinta ta ja layi ashirin da ɗaya a jikin sabon tankin, a jere, don kada lissafin kwanakinta ya ɓace. Daga nan ruwa bai sake yanke mana ba. Ba zan ce na koma son wankan ba, har yanzu ina ganin zafin ya yi yawa. Amma na daina cizon leɓe, na fara jiran lokacin da hannun nan zai sauka.

Ranar arba'in da yamma ta yi mini na ƙarshe. Ta ɗora tafinta a inda ta saba, ta daɗe fiye da kullum, sannan ta ce a hankali, "To, Rahma, na gama." Wannan ne karo na farko da na ji sunana a bakinta, ban kuma sake ji ba. Ta koma Kano a watan Maris. A 1995 ta rasu, kafin in isa an riga an kai ta.

Randar ta yi mana shekara goma sha ɗaya. A kakar 1999 na sauka wanki na tarar da ruwa kwance a ƙasa. Jang ya zo, yanzu da furfura da tabarau, ya leƙa gindinta ya ce ta yi iya nata. Rumaisa ta biyo mu, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa, ta nuna baƙaƙen layukan da suka dusashe a jikin tankin ta tambayi wa ya ɓata shi haka. Na ce kakarki ce, zo ki ƙirga. Ta ƙirga arba'in cif. Ban roƙi Jang komai ba, amma kafin a fitar da tankin ya ɗauko almakashin ƙarfe ya yanko wurin layukan, ya lanƙwashe gefensa don kada ya yanki hannu, ya miƙo mini.

Wannan karon da ni aka je kantin. A mota Ɗalha yana ta yi mini bayani cewa mu uku ne kawai, babban tanki ɓarnar gas ne, ƙarami ma ya ishe mu. Gaskiya ya faɗa, ban yi masa musu ba. Ina rungume da jakata, guntun ƙarfen nan yana ciki.

Mai kantin wani ne daban, amma takardar irin ta da ce. Ya zaro biro daga aljihu ya tambaye mu mutum nawa ne a gidan. Ɗalha ya buɗe baki zai amsa, sai ya dube ni, ya dubi jakar da na ƙanƙame.

"Huɗu ne," in ji shi. "Ɗayar tana son ruwa da zafi sosai. Nuna mana babban."