Ranar Da Ba A Sauke Wuƙa Ba

Direba ya dawo da taraktar da baya a hankali, wuyansa a karkace, har gindinta ya daidaita da janaretan da ke ƙarƙashin rumfar kwano. Ya sauko da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ɗaga sandar ƙarfen da ke haɗa su ya cusa ta a mazauninta har ta ce ƙas. Shekararsa saba'in da huɗu, amma wannan aikin ko an rufe masa ido zai yi shi.

Tun hantsi aka ɗauke wuta. A ɗakin baya kuwa akwai ƙwai dubu biyu cikin injin ƙyanƙyasa, saura kwana uku su fashe, kuma in suka huce an gama. Ɗansa ne mai ƙwan. Tun da ya kawo injin nan gida mutane suka laƙaba masa Manaja, shi kuma ya karɓi sunan hannu bibbiyu. Gona ta koma hannunsa, sito ya koma hannunsa, har kujerar ƙofar gida. Abin da ya rage wa tsohon shi ne taraktar da ya tuƙa shekara talatin, da makullinta da ke rataye a wuyansa da igiyar takalmi. Ranar da babu wuta ce kawai ake neman sa a gidan, shi ya sa a ransa ba ya ƙin a ɗauke.

Aikin yana da ƙa'ida guda. A bangon ɗakin ƙwai akwai wuƙar wuta, wani hannun ƙarfe mai baƙin mariƙi da ke raba gidan da layin waje. Dole a sauke ta kafin janareta ya juya. In ba haka ba wutar ba ta tsayawa a gida, waya take bi ta koma kan turakun wutar titi, ta iske duk wanda ya ɗauka layin a mace yake. Manaja kaɗai ke shiga ɗakin, shi ma sai ya canza takalmi ya sa farin silifas, wai kada a kai wa ƙwai cuta. Don haka kullum uban kan yi tambaya daga kan tarakta, ɗan ya amsa daga ƙofa.

"An sauke wuƙa?"

Manaja na tsaye bakin ƙofar, waya manne a kunne, suna ja-in-ja da mai sayen 'yan tsaki. Ya ɗaga hannu ba tare da ya waiwayo ba.

"An sauke, Baba, an sauke. Tayar mana kawai."

Direba ya dubi ƙafarsa. Baƙin takalmin fita ne, farin silifas ɗin yana nan a jere gefen dakali. Ya buɗe baki zai sake tambaya, sai ya tuna makon jiya, da ya maimaita magana a gaban baƙi ɗan ya ce, "Tsufa ke nan, abu ɗaya sau goma." Kunyar ranar ba ta sake shi ba har yau. Ya haɗiye tambayar, ya murɗa makulli, ya saka sandar ta fara juyawa, ya ƙara mai har allurar janareta ta hau koren layi ta tsaya cak.

Ba a yi minti uku ba ya ga surukarsa ta fito a guje tana nuna titi, bakinta na motsi amma ƙarar inji ta cinye maganar. Ya kashe. Sai a lokacin ya ji ihun.

Turke na huɗu daga gidan, ma'aikatan kamfanin wuta suna sauko da mutum da igiya. Direba ya gane shi tun daga nesa. Da safe ya tsaya a ƙofarsu ya roƙi ruwa, ya shafa bonet ɗin taraktar yana dariya, ya ce, "Baba, wannan ai ta girmi uwata." Yanzu ga shi kwance a ƙasa yana nishi kamar wanda ake danne wa ƙirji. Wani ya cire riga ya rufe masa hannaye, amma Direba ya riga ya gani, warin kuma babu rigar da za ta rufe shi. Suka cicciɓe shi zuwa bayan motarsu, ta tafi asibiti.

Da ya dawo gida ya tarar da Manaja yana fitowa daga ɗakin ƙwai, da baƙin takalminsa, yana goge tafin hannu a wando. Suka haɗa ido.

Shugaban ma'aikatan, wani mai farar hular kwano, ya iso bayan azahar da mutum biyu da littafi a hammata. Maƙwabta suka biyo shi suka cika tsakar gida. Bai yi wata doguwar gaisuwa ba.

"Mun kashe layin nan da hannunmu, mun gwada shi kafin yaron ya hau. Gidan nan kaɗai ke da janareta. Ku nuna mini wuƙarku."

Aka buɗe masa ɗakin. Ya leƙa, ya taɓa bayan janareta da ke da sauran ɗumi, ya yi tsaki.

"Yanzu dai a sauke take. Ɗazu fa? Likita ya ce hannun dama sai an yanke. Wani zai bi ni ofishin 'yan sanda yau. Wa ke kula da ita?"

"Ranka ya daɗe," in ji Manaja, murya ƙasa-ƙasa, "ni ban ma san an tayar ba, ina kan waya. Abin kunya ne in faɗa a gaban jama'a, amma tsohon nan kansa ya fara juyewa. Ranar nan gishiri ya zuba a shayi. Shekaranjiya ya fita da takalmi wari da wari. Muna ta rufa masa asiri ne."

Ko ɗaya ba a yi ba. Direba ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi a fuska. Ya dubi surukarsa, wadda ke shanya a igiya lokacin da ya yi tambayar, ta ji amsar da kunnenta. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zani.

Mai farar hula ya juyo. "Baba, kai ka tayar ba ka tambayi kowa ba?"

Gaskiyar maganar tana bakinsa, kalma biyar ce ko shida. Sai ya ga leɓen ɗansa na ƙasa yana rawa, irin rawar da yake yi tun yana ƙarami in ya fasa wani abu yana jiran duka. Ya tuna jikokinsa uku da za su dawo daga makaranta nan da awa guda. Ya tuna silifas ɗin da ya gani ya yi shiru. Tausayi da haushi suka cakuɗe masa, tausayin ya fi yawa.

Ya saki baki, ya waiga hagu da dama.

"Ina uwar yaran nan? Ba ta dawo daga kasuwa ba har yanzu?"

Shekara shida ke nan da rasuwar matarsa, kuma duk wanda ke tsakar gidan ya je jana'izar. Wata maƙwabciya ta ce, "Wayyo, Allah sarki." Wani saurayi ya ƙunshe dariya. Mai farar hula ya daɗe yana kallon sa, sannan ya girgiza kai ya rubuta wani abu a littafinsa.

"Ba zan ja tsoho irin wannan ba," ya ce wa Manaja. "Amma ku ma ba ku da hankali. A bar makullin inji a wuyan wanda bai san matarsa ta mutu ba? Gobe ka zo ofis ka sa hannu."

Jama'a suka watse suna ƙus-ƙus. Direba ya zauna kan dakali. Ba godiya yake jira ba. Yana so ne kawai ɗan ya zo ya zauna kusa da shi, ko da ba zai ce komai ba.

Ya zo ɗin, amma bai zauna ba. Ya miƙo hannu.

"Kawo makullin. Ƙwai na hucewa."

"Bari in tayar maka."

"Ka ji abin da mutumin ya ce."

"Kai," in ji Direba a hankali, "mu biyu ne a nan. Ka san abin da ya faru, na sani."

"Ni abin da ka faɗa da bakinka a gaban mutane na sani, Baba."

Bai jira ba, ya sa hannu ya zare igiyar ta kan tsohon, har ta tafi da hularsa ta faɗi ƙasa. Ya bar ta nan. Ya hau taraktar ya zauna a kujerar da ta lotsa daidai jikin ubansa, ya shiga lalube yana neman ramin makulli.

Direba ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe. Bai yi niyyar magana ba, bakin ne ya saba.

"An sauke wuƙa?"

Surukar ta ajiye bokitin da ke hannunta. Ta matso ta kama shi a damtse, ta ɗaga murya kamar mai magana da kurma, yadda na bayan katanga za su ji.

"Ka ji, ya fara kuma. Taso, Baba, mu je ɗaki ka kwanta."

Injin ya tashi da ƙara. Tambayar kuwa babu wanda ya amsa ta.