Tuwon Makokin Bilyaminu

Gudiya na tsakiyar tuƙa tuwo a tukunyar biki sai ɗanta Waliyyu ya shigo, sanye da takalman ofis masu ƙyalli.

"Inna, wanga tuwo duka wa za shi ci nai?"

"Masu gaisuwa. Maƙwabcinmu na yar rasu. Tahi ka kama musu, an kusa hitowa da shi."

"Oga ya ce kowa shi zamna wurin aiki."

"Ran da taka taz zo, Oga na za shi ɗauke ka?"

Waliyyu ya sosa ƙeya ya fita. Ba ta ga inda ya nufa ba, ita kuwa abin da take son sani ke nan.

Shi da marigayi Bilyaminu tare suke aiki a wani kamfanin iri a nan Jega. Bilyaminu ne ya ga ana juye mataccen irin albasa cikin sabbin buhuna ana sayar wa manoman Aliero, ya kai ƙara wurin hukuma. Aka kore shi. Ya je kotun ma'aikata, aka yi ta jeka-ka-dawo, har kotu ta ce doka ba ta yarda a kori mutum don ya faɗi gaskiya ba. Masu kamfanin suka mayar da shi, amma suka tura shi Maiyama gadin wani sito da ko ɓera ya daina leƙawa.

Rabin unguwar a kamfanin nan suke ci. Ba wanda ya zage shi. Tabarmar ciyayya ce dai ta tashi daga ƙofar gidansa ta koma gaba, sai ya riƙa cin tuwonsa a zaure shi kaɗai. Wata rana ya ce da Gudiya ta saman katanga, yana dariyar da ba ta kai ciki ba, "Inna, kotu ta maishe ni aiki, amma ba ta iya maishe ni bisa tabarma." Jiya da dare yana sauka daga kabu-kabu hawan jini ya kayar da shi.

Ta ajiye muciya ta jingina da katangar, tana sauraren waje. Ta sha jin jana'iza a unguwar nan, ta san yadda ƙasa ke amsawa in maza suka taso da makara. Yau kabbarar liman ta ji, sai tafiyar 'yan ƙafafu, sai kukan akuya. Ta kasa kunne ko za ta ji tarin Waliyyu, ba ta ji ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Duk da haka ta kwashe tuwon ta aika.

Gab da magariba Najiba, matar marigayin, ta sa aka dawo da kwanuka. Gudiya ta ɗaga faifai. Malmala na nan a jere, gefe guda kawai aka taɓa.

Sai ga sallamar Waliyyu. Ya tuɓe takalmansa a bakin tabarma ya durƙusa.

"Inna, ya haƙuri?"

Ba ta dube shi ba, takalman ta duba. Ƙyallinsu na nan yadda suka fita da safe, babu ko ɗigon jar ƙasar makabarta.

Ta tura masa kwanon gabansa.

"Ci," ta ce. "Akwai shi da yawa."