Karatun Maye

Ba a daɗe da yanke Kebbi daga Sakkwato ba Zulkifli ya samo takardar neman shiga jami'a. Kawunsa da yake zaune wurinsa a unguwar Gesse, ma'aikacin gwamnati, ya ce masa sabuwar jiha tana buƙatar masu ilimi iri biyu: wanda ya karanci laifi da hukunci, da wanda ya koyi yi wa masu shan kayan maye nasiha har su bari. Yaro ya zaɓi na biyu.

Saura sa hannun mahaifinsa, Malam Usmanu, manomin albasa a Argungu. Shi ko ya aiko cewa ba ya taɓa takarda sai tsohuwarsa, Inna Hodi, ta yarda. Ga shi ranar Litinin za a rufe karɓa.

Kun dai san magana, ta fi motar haya sauri. Kafin Zulkifli ya sauka Argungu, labari ya riga shi. Yana sallama, kakar tasa ta ja zane ta rufe ƙirji.

"Kurwata kur! Tsaya nan bakin ƙofa."

"Haba amarya, haka aka tarbon ango?"

"Na sake ka! Hwaɗa min, gaskiya ne boko za su koya maka zama maye?"

Dariya ta taso masa, ya tuna Litinin, ya haɗiye ta. Ya durƙusa nesa da tabarma.

"Inna, ba mayen kurwa ba. Mayen ƙwaya da sholisho. Lallashin masu sha za ni koyo."

"To ɗaya karatun da anka ba ka hwa?"

"Na laifi ne. Ɓarayi da masu kisa."

"Oh ni Hodi! Ɗiyan mutane na karatun likita, nawa an ce ya zaɓa tsakanin ɓarawo da maye."

Sai ya ce, "Kin tuna Tamba masunci?"

Wa bai san Tamba ba? Mutumin da kan fito da giwan ruwa shi kaɗai, ya fara haɗiyar ƙwaya don ya daɗe cikin ruwa. Yanzu yana zaune bakin gulbi yana faɗa da kwale-kwale.

"Ni na yanke mai cibi," in ji ta a hankali. "Jiki na nan, mutum ya tahi. To in wannan ba cin kurwa ba ne, mi ne ne? Kai kuma za ka iya sa abin ya tohe shi, ya sake mai kurwa?"

"Shi nika son koyo, Inna."

Sai ta ƙwala wa ɗanta kira. "Usmanu! Zo ka sa mai hannu."

Zulkifli ya zabura zai yi godiya, ta turo masa wata ƙwarya da ƙafa.

"Rubutun tsari ne. Tun jiya anka wanke allo bakwai saboda kai. Shanye, ango, ba a zubar da ayar Allah."