Yistin da Ya Kwana a Gindin Randa

Saura kwana tara Yagana ta tsaya gaban malamanta ta kare bincikenta, injin ɗumama ruwa na ɗakin gwaji ya ce ga garinku nan. Ba wanda ya yi mamaki. Tun zamanin soja yake tari, yanzu kuwa da farar hula suka karɓi mulki, kowa cewa yake gyara na tafe. Yagana ba ta da lokacin jira. In ba ta kawo sakamako ba, sai ta maimaita shekara.

Binciken nata ba shi da wuyar faɗa. Ƙwayar halitta in ta fara jin ɗumi takan ƙera wasu sinadarai da za su tsare ta kafin babban zafi ya iso. Tambayar ita ce, maganin kumburi irin asfirin yana taimaka mata wajen wannan shiri ko kuwa? Yagana ta riga ta rubuta shafi arba'in cewa yana taimakawa. Ita dai ba ta san shakka ba.

Ta hau acaɓa daga Fagge zuwa Sabon Gari, gidan burodin Madam Nneka, tsohuwar mai sayen atamfa a wurin mahaifiyarta. Can akwai yisti, wanda shi ma ƙwayar halitta ce mai rai, akwai ruwan zafi, ita kuma tana da ma'aunin zafi a jaka. Ta jera kwalabe, wasu da magani wasu babu, ta ɗumama su, sannan ta tsoma su a ruwa mai zafin gaske. Ta ɗaura wa kowace balan-balan a baki, don yisti mai rai shi ke hura ta.

Duk suka tashi, kai ɗaya. Ta sake, haka. Rana ta uku ma haka, sai ta ji tsoro ya kama ta a karon farko.

Madam Nneka, wadda a Kano aka haife ta, Hausa kuma kamar jakar Kano, ta leƙo tana goge hannu.

"'Yata, wane yisti kike ɗiba?"

"Na bokitin can, Madam."

"Wancan? Shekara goma sha ɗaya ina raya shi a gindin tanda. Shi za ki tsorata da ruwan zafi? Ai ko ni ya fi ni jure wuta."

Yagana ta dafe kai. Ashe yistin ya daɗe da gama shirinsa, da magani da babu duk ɗaya ne a wurinsa. Wanda take bukata shi ne wanda bai san zafi ba. To a Kano, kafin damina ta sauka, ga wutar lantarki ba ta zama, ina za a samo shi?

Amsar tana tsakar gidansu. Ta sayi sabon yisti, ta tayar da shi a kwalba, ta binne a jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randar mahaifiyarta, Inna Gumsu.

"Boko ya kai boko," in ji Inna. "Yau kuma randata ce ta shiga jami'a?"

Kwana uku tana yayyafa wa yashin ruwa. Da sassafe ta naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen zane ta koma Sabon Gari. Wannan karon sahu uku ta yi, na ukun da magani amma ba zai ga zafi ba.

Kafin azahar balan-balan suka fara motsi. Sahun da ba magani ya tashi. Na uku ma ya tashi lafiya. Na tsakiya, mai magani da ya sha zafi, yana kwance kamar wanki a igiya. Ta maimaita washegari, bai sake zani ba.

"Wato maganin naki kashe su yake?" Madam ta tambaya.

"A'a, ga na uku nan da ransu. A kwalabena dai, hana su shiri ya yi, zafi ya same su a sake."

"Ba haka kika ce mini za a gani ba."

"Ba haka na ce ba. Amma wannan na gani da idona, shi zan faɗa musu ranar Litinin, duk mai musu ya zo ya hura balan-balan ɗin da bakinsa."

Daɗi ya cika ta. Ta buɗe jaka ta zaro shafi arba'in ɗin nan da ta sha wahalar rubutawa, ta ɗora a kan teburin kwaɓi.

"Madam, kina bukatar takardar naɗe burodi?"