Jawabin Buɗe Akurki

Da Mushe Hamidu, wato Malam Hamidu, malamin Faransanci a wani lise, makarantar sakandare a Tasawa, ya ce kowane rukuni ya haɗo ɗan gajeren fim na barkwanci da wayar hannu kafin hutu, Lubna ba ta yi dogon tunani ba. Tun tana ƙarama take bin mahaifinta, Malam Ishaƙu, wurin bukukuwan buɗe rijiya da sababbin azuzuwa, lokacin yana aikin gwamnati kuma shi ake ba jawabi. Ta haddace yadda yake gyaran murya, da yadda yake jera gaisuwar manyan baƙi har inuwa ta gudu ta bar mutane a rana, rabi Hausa rabi Faransanci.

Ita ta rubuta jawabin. Danda, wani ɗan ajinsu mai dogon wuya wanda ba a cika ganin haƙoransa ba, shi aka ba matsayin babban baƙo. Ƙawarta Mardiya ce mai riƙon waya. Ranar Lahadi suka hau baburan kabu-kabu zuwa Baudeta, gidan kawun Danda, inda aka gama ginin sabon akurkin kaji.

Suka ɗaura jan ƙyalle a bakin akurkin. Danda ya saka tsohuwar kwat da Lubna ta zaro daga akwatin mahaifinta, ya ɗaura karabat a wuya, ya hau bisa turmi a kife.

"Mai girma zakara," ya ce, "da iyalansa, da tawagar 'yan tsaki da suka baro ayyukansu masu yawa..."

Maƙwabta suka leƙo ta saman danga suna ƙyaƙyata dariya. Ana tsakiyar jawabi wata akuya ta zo ta kama taunar ƙyallen. Danda ko gezau, sai ya juya ya yi mata maraba a matsayin wakiliyar ƙasashen waje.

Kafin su gyara hoton, Mardiya ta tura wa wata 'yar uwarta don ta gani. Shi ke nan, abu ya bazu a wayoyin gari. Lubna tana sayen tumatir a kasuwa ta ji wani mahauci yana cewa, "Wallahi wanga Malam Ishaƙu ne sak, har gyaran muryar!" Tun da mahaifinta ya ajiye aiki ya zama mutum shiru-shiru, ba mai kiransa taro, daga masallaci sai tabarmarsa a zaure. Yanzu kuma 'yarsa ta cikinsa ta mayar da shi abin dariya.

Bayan la'asar ya aika a kira ta. Ta same shi da wayar ƙaninta a hannu, tabarau a kan hanci. Ta durƙusa daga nesa.

"Kwat ɗin ga ta wa ce?"

"Taka ce, Baba."

"Jawabin fa, wa ya rubuta shi?"

"Ni ce. Baba, don Allah ka yi haƙuri, ban yi don..."

Ya ɗaga mata hannu. Ya sake kallon hoton tun daga farko, fuska a ɗaure, ita kuwa tana ta murza bakin mayafinta.

"Yaron ga ya ɓata aiki," ya ce. "Mi ya kai shi yanke ƙyalle bai gode wa masu tallafi ba? Kuma in za a yi alkawari ba a kallon takarda. Yatsa ake ɗagawa sama, a dubi jama'a."

Sai hoton ya zo wurin akuya. Kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da tari, har mahaifiyar Lubna ta fito daga madafa da ludayi a hannu tana tambayar lafiya.

Da Lahadi ta zagayo, da shi aka koma Baudeta. Ya koya wa Danda tsayuwa, ya nuna masa inda ake dakatawa a jira tafi. Daga nan ya ce taro ba ya cika sai an yi jawabin godiya, kuma tunda kaji ba su da baki, shi zai ari bakinsu. Ya gyara zaman hularsa, ya miƙe ƙyam, ya roƙi hukuma a madadin kaji da ta duba matsalar shaho. Lubna ta tsaya bayan Mardiya tana kallonsa a fuskar waya. Rabonta da jin muryarsa ta cika fili haka har ta manta.

Ranar da aka nuna fim ɗin a aji, sai da Mushe Hamidu ya buga tebur kafin a yi shiru. Ya ce iska ta cinye rabin maganar, hoton kuma yana rawa wajen ƙarshe, don mai riƙon waya ta kasa riƙe dariyarta. Duk da haka ya ce shi za a nuna a bikin ƙarshen shekara, gaban iyaye.

Da aka tashi, 'yan aji suka yanyame Danda suna kiransa mai girma. Lubna ta bar su a nan, ta bi Mushe har bakin biro, ofishin malamai, tana tambayarsa yadda ake hana iska shiga magana. Ya ce ta samo guntun soso ta rufe bakin wayar, ta gwada, gobe ta kawo masa ya ji.