Tumatirin Fassouma Ya Kai Disamba

Bakin uwarta ne ya sa Fassouma ta haƙe bayan gidan hayarsu na unguwar Glenwood, a birnin Greensboro na Amurka, ta shuka tumatir. Inna Kouloussoum mai lambu ce a Birnin Konni, kuma duk ranar da aka samu katin waya aka kira ta, ba ta ajiyewa sai ta tambaya ko har yanzu abincin gwangwani suke ci. Da aka ce tsohuwar za ta zo a watan Disamba, Fassouma ta sha alwashin sai ta ciyar da ita abin da hannunta ya shuka.

Tumatir ya yi albarka har ya wuce misali. Sai dai a Agusta ya nuna, duka lokaci guda, firijin gidan kuwa kaji biyu ke cika shi. Fassouma ta yi abin da kowace 'yar Konni za ta yi, ta yanyanka shi ta shanya a rana don ya zama kauɗa. Ba ta san ranar Greensboro ba, mai zafi amma jiƙaƙƙiya. Kafin mako ya zagayo shanya ta yi furfura, ƙudaje sun kafa sansani a kai. Mijinta Rabiou ya dawo daga aikin sito a Wendover, ya leƙa ya ce, "Madam, kauɗar taki har gemu ta fitar." Shi da wasa ya faɗa, ita kuwa ta yi kuka sosai, don rabin amfanin ya tafi shara.

Maƙwabciyarsu Miss Odessa, wata tsohuwar baƙar Ba'amurkiya, ta ga komai ta saman shinge. Washegari ta shigo da ƙatuwar tukunya da kwalabe masu murfin ƙarfe. Ta ce za su yi salsa, wato a dafa tumatir da albasa da barkono da tafarnuwa, a zuba ruwan lemun tsami da yawa, a ɗura a kwalba, a tafasa kwalaben cikin ruwa. In suka huce murfin zai lotsa ya yi ƙara, daga nan abin zai iya shekara. Sharaɗinta ɗaya ne, kada mai ya shiga.

Fassouma ta gyaɗa kai don ladabi, amma a ranta ta raina dabarar. Tun da take ba ta taɓa ganin an ɗora tumatir a wuta ba mai ba. Me za ta ce wa Inna, ta dafa mata ruwan tumatir kamar mara lafiya? Miss Odessa na fita ɗauko mazurari, ta tuttula man gyaɗa a tukunya, ta juya, ta yi fuska.

Aka ɗura, aka tafasa, aka jera kwalabe a kan tawul. Suka zauna suna jira. Shiru. Tsohuwar ta danna wani murfi, ya yi sama ya yi ƙasa. Ta buɗe, ta shafa yatsa a bakin kwalbar, ta ɗaga shi yana ƙyallin mai. Ba ta yi faɗa ba, kallo kawai ta yi mata ta saman tabarau, Fassouma ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Wannan tukunyar, su da maƙwabta suka cinye ta da shinkafa kafin ta lalace.

Saura tsinka ɗaya a lambu, ta ƙarshe. Wannan karon Fassouma da kanta ta kai galan ɗin mai ɗakin kwana ta rufe. Lemun tsami ta auna shi yadda aka ce, ta goge bakin kowace kwalba tsaf. A barkono ne kawai ta yi ƙememe, ta ce attarugu za ta sa, ba wancan kore mai sanyin hali ba. Miss Odessa ta ɗanɗana, ta yi tari har da hawaye, ta ce a bar shi haka.

Suna cikin goge tebur murfi na farko ya ce ƙwas. Na biyu ya amsa, sauran suka bi. Fassouma ta rangaɗa guɗa, har karen gidan gaba ya kama haushi.

Disamba ta zo da sanyinta, ta zo da Inna cikin rigunan sanyi uku. Fassouma ta yi dambu da zogalen da ta sayo a High Point Road, ta ɓalle kwalba ɗaya ta zuba a gefe. Ta ajiye a gaban Inna.

Inna ta kai loma, ta tauna a hankali. "Ba ki soya ba."

"Ban soya ba, Inna."

Ta ƙara loma, ta ƙara wata. "Amma wanga tumatir na lambu ne. Wa ya ba ku shi cikin sanyin ga?"

"Ni na shuka. Tun Agusta yake cikin kwalba."

Tsohuwar ta ɗauki kwalbar ta juya ta a haske, ta daɗe tana kallo. Ita da ta shekara arba'in tana ganin tumatirinta na ruɓewa a kwando in kasuwa ta cika, ta san abin da ke hannunta.

"Fassouma," ta ce, "kafin in koma gida, sai kin koya mini."

Daɗi ya cika Fassouma. Ta jawo kwalbar, ta ƙara wa uwarta cokali biyu.